Motar da ta toshe bakin layi daren Talata

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar layi. Tun shekaranjiya nake juya maganar nan a raina, na ga idan na yi shiru ban yi wa kowa adalci ba. Daren Talata, wajen ƙarfe biyu da rabi, jinin Hajiyarmu ya hau, numfashi ya fara gagararta. Na fito da mota daga gareji, ina zuwa bakin layi sai na tarar da wata baƙar mota an ajiye ta daf da taransifoma, ga tulin yashi a ɗaya gefen. Ko adaidaita ba za ta ratsa ba, balle mota. Na danna hon, na buga ƙofar gida uku, babu wanda ya san mai ita. Ƙarshe a kujerar roba muka ɗora Hajiya, ni da ƙanena, muka ɗauke ta har layin baya, wani bawan Allah ya kai mu asibiti a motarsa. Alhamdu lillahi jiki da sauƙi, an sallamo ta jiya. Ban zo neman wanda zan zaga ba. Tambayata ɗaya ce: wace ƙa'ida muke da ita a layin nan kan ajiye mota da daddare? In babu, yaushe za mu yi?

Maman Hanifa: Subhanallahi. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Wallahi na ji hon ɗin, na ɗauka masu dawowa daga biki ne.

Sakataren Layi: Wa alaikumus salam. Sannu Baban Khalifa, Allah ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa. Amsar tambayarka: a rubuce babu. Abin da muka taɓa amincewa a kai shi ne kuɗin 'yan sintiri da yashe kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Maganar mota sau biyu ana tayar da ita a taro, sau biyu tana watsewa a kan wa zai fara janye tasa.

Injiniya: Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai a kira KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, kawai su ɗaga duk motar da aka samu a bakin layi. Mutum ɗaya ya biya tara, sauran za su shiga taitayinsu. Don irin wannan aka kafa hukumar tun 2012.

Malam Mai Shago: Injiniya, motar da za ta ja motar ta ina za ta shigo? Ita ma a bakin layin za ta maƙale. Kuma da ƙarfe biyun dare wa za ka kira? Aikinsu da muke gani a manyan tituna yake, Kabuga, titin Gwarzo, bakin kasuwanni. Lungun Rijiyar Zaki sai mu da muke kwana a cikinsa.

Alhaji na Gidan Kwana: Ku bari in ba ku tarihin layin nan, don na riga mafi yawanku zuwa. Lokacin da na sayi filina nan duk gonar dawa ce, daga ƙofar gidana kana hango motocin da ke tafiya sabuwar jami'ar Bayero babu abin da ya tare. Masu gona suka kawo dillalai aka yanka da igiya, abin da kowa ya sani da awon igiya. Ba awon gwamnati ba ne. Mai yanka fili yana lissafin fuloti nawa zai fitar, duk ƙafar da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa. A gabana aka yi gardama, wani dattijo, Allah ya ji ƙansa, ya ce a bar ƙafa 30, dillali ya ce ina motocin da za su bi? Aka tsaya a 20. A lokacin mota biyu ce a layin gaba ɗaya, tawa da ta wani ma'aikacin jami'a.

Daga baya kowa da ya tashi gini sai ya ɗan turo katangarsa. Wannan taku ɗaya, wancan taku biyu. Fulotin da aka sayar 50 da 50 magada suka raba shi biyu, ya koma 25 da 50, ina za a sa gareji a ciki? Sannan aka zo da dakali, aka zo da gangaren siminti na shigar da mota, aka haƙa shadda a waje. To yau ga shi muna kuka da motar mutum ɗaya, alhali mu duka muka cinye hanyar.

Injiniya: Gaskiya ne Alhaji. Ɗazu bayan la'asar na fita da tef na auna, saboda kada mu yi ta magana a iska. A bakin layi, daga katanga zuwa katanga ƙafa 17 ne. Cire kwata da dakalin da ke hannun dama, saura 13. Ƙaramar mota faɗinta wajen ƙafa 6 ne ba tare da madubi ba. Idan an ajiye ɗaya, kuma ba a manna ta da bango ba, abin da ya rage da ƙyar wata za ta wuce. Zuba yashi a gefen, magana ta ƙare. Motar kwana-kwana kuwa faɗinta ya haura ƙafa 8. Ga hunturu na tafe, lokacin gobara. Allah ya kiyaye, amma in wuta ta tashi a ƙarshen layi da daddare, yadda muke ajiye motoci yanzu, sai dai bokiti.

Mai Gini: Tunda an ambaci yashi, nawa ne, ba zan ɓoye ba. Baban Khalifa ka yi haƙuri, ka ba Hajiya haƙuri. Amma a ji uzurina. Direban tifa ya ce ba zai shiga ciki ba saboda wayoyin wuta sun yi ƙasa, zai tsinke su in ya ɗaga bodi. Dole a bakin layi ya juye. Na yi da leburori za su kwashe da baro ranar Litinin, ba su zo ba sai Laraba.

Baban Khalifa: Na karɓi haƙurinka Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Sai dai kwana biyar yashin ya yi a wurin. Da ka sanar a nan, da ko yaran layi mun tara sun kwashe maka a yini ɗaya.

Mai Gini: Haka ne. Na yi kuskure a nan.

Ɗan Haya Gida na 9: Ina neman afuwar manya, ni ma zan ce wani abu. Duk lokacin da aka tayar da maganar nan, mu 'yan haya ake kallo. Gidan da nake mu huɗu ne, mota uku, gareji ɗaya, shi ma mai gidan ya mayar da shi shago ya ba mai cajin waya haya. Ina zan kai motata? Ba don jin daɗi nake kwana ina leƙen taga ba. Bara an cire mini batir sau ɗaya, madubi sau biyu. Wanda ke da gareji ba zai gane wannan ba. In an ce kada a kwana da mota a layi, a nuna mana inda za mu kai ta, wallahi ni ne na farko.

Hajiya Babba: Ɗana, maganarka gaskiya ce, amma bari in faɗa maka tamu mu mata. Ku maza da safe kowa ya tayar da motarsa ya tafi cikin gari, mu ake bari da layin. Motar da ke ƙofar gidana wata na huɗu kenan ba ta motsa ba, tayoyinta sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Mai ruwa ya daina shigo mini da kura, ya ce ba ta wucewa, sai dai ya tsaya a nesa ya riƙa ɗauko jarka bibbiyu, kuma ya ƙara kuɗi a kan kowace jarka. Ban ga laifinsa ba. Ranar da aka kawo mini buhunan masara daga Dawanau, a ka aka shigo da su. Jikokina in za su Islamiyya sai sun raɓa ta bakin kwata, ƙaramar ta taɓa faɗawa. Wannan ba maganar dare ɗaya ba ce, kullum ce.

Maman Hanifa: Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 motocin da suka kwanta suka ƙaru. Mutum ya ga ba zai iya zuba mai kullum ba, sai ya jingine ta ya koma hawa adaidaita, yau da gobe batir ya mutu, shi kenan ta zama kayan layi. Na ƙirga guda huɗu daga gidanmu zuwa masallaci. Ba gori nake yi ba, kowa ya san halin da ake ciki. Amma motar da ba ta tashi ba ta fi mai tashi illa, don ita ko an buga wa mai ita ƙofa ba zai iya matsar da ita ba.

Baban Amira: Ɗaya daga ciki tawa ce, ja ɗin nan. Giya ce ta lalace, kuɗin gyaran ya fi ƙarfina yanzu. Hajiya Babba, ba ita ce a ƙofarki ba, amma na ji kunyar abin da kika faɗa. Zan nemi yara mu tura ta gidan yayana a Rimin Gata, yana da fili.

Hajiya Babba: Allah ya yi maka albarka, ya hore maka na gyara.

Mai Adaidaita: Salamu alaikum iyayena. Na ga an fara ambaton adaidaita, na san za a zo kanmu. Mu bakwai ne a layin nan. Tun da aka hana acaɓa a Kano farkon 2013 wannan ce sana'ar da ta rage wa irinmu, kuma kusan duk wanda ke ja a cikin gari a unguwannin waje irin tamu yake kwana, don nan haya take da dama-dama. Mashin ɗin ba nawa ba ne, balas nake kai wa mai shi kullum. In aka sace shi, ni da iyalina mun shiga uku. Shi ya sa nake ɗaure shi da sarƙa a jikin tagar ɗakina. Faɗinsa bai kai ƙafa 5 ba, kuma kafin a idar da asuba na fita. A yi mana adalci, kada a haɗa mu da mai jif.

Injiniya: Ɗaya ba ta tare hanya, gaskiya ne. Amma in kun jera uku a gaban gida na 12, wata mota kuma ta tsaya daura da ku, an rufe. Matsalar ba girman abin hawa ba ce kaɗai, ajiyewa hagu da dama a lokaci guda ce.

Mai Adaidaita: To a zaɓi hannu ɗaya, kowa ya bi. Mu ba za mu ƙi ba.

Malam Mai Shago: Hannun wa? Nan fa ake watsewa kullum. Duk wanda aka ce ƙofarsa za a jera motoci zai ce bai yarda ba.

Alhaji na Gidan Kwana: Ni ma ban yarda a jera mini a ƙofa ba, in faɗa tun yanzu. Ƙofar gidana haƙƙina ce.

Liman: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka, Allah ya ba Hajiya lafiya. Alhaji, da girmamawa, ina so in gyara kalma ɗaya. Abin da ke cikin katangarka naka ne. Abin da ke wajenta hanya ce, ta Musulmi ce gaba ɗaya, har da baƙon da bai taɓa zuwa unguwar ba. Kana da haƙƙin kada a toshe maka shiga da fita, wannan babu ja. Amma ba mallakarka ba ce, kamar yadda ba mallakar mai ajiye mota ba ce.

A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gargaɗi sahabbai kan zama a bakin hanya. Da suka ce ba su da makawa, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta, ya lissafa: runtse ido, kamewa daga cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Mutum a zaune kenan, wanda zai iya tashi a matsa. Ina ga ƙarfen da aka kulle aka tafi aka kwanta? Akwai kuma hadisin Abu Huraira cewa in an yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai. Wato tun wancan zamani na raƙumi da jaki shari'a ta san hanya tana da faɗin da ba a taɓawa.

Kuma in faɗi wadda ta shafe ni. Mu ma a masallaci muna shimfiɗa tabarmi a waje lokacin tarawihi, masu zuwa da mota suna tare layi. Ba zan yi wa mutane wa'azin abin da muke yi ba. Daga bana za mu bar gefe ɗaya a buɗe, zan sa matasa biyu su kula.

Alhaji na Gidan Kwana: Allah gafarta Malam, na ji, kuma na karɓi gyara a kan kalmar. Amma ina nan a kan cewa bangona ba gareji ba ne. Bara wani ya goge mini fenti da bamba, ko sannu bai ce ba.

Maman Hanifa: Tunda Malam ya buɗe ƙofa, a haɗa da rumfar biki da ta zaman makoki. Na makoki kowa yana uzuri, mutuwa ba ta sallama. Amma kamu da yinin biki an san ranarsu tun wata biyu. A kafa rumfa tun Juma'a har Lahadi, a rufe layi ruf, mai ciki ko mara lafiya sai ya zagaya ta bayan makaranta. Ni ma na yi lokacin auren ƙanwata, ban ce ban yi ba. A sa doka ta hau kowa: a sanar kwana uku kafin, kuma a kwance rumfa kafin a kwanta.

Ɗan Haya Gida na 9: Har yanzu ba a amsa tambayata ba. Ina za mu kai motocin?

Sakataren Layi: Ina zuwa, ita nake rubutawa. Kangon da ke bayan masallaci, wanda aka kewaye aka bari, fuloti biyu ne a haɗe. Mai shi yana Kaduna, amma ɗan'uwansa na zuwa duba shi. Yanzu ba abin da ke ciki sai bola da yaran da ke laɓewa shaye-shaye, shi kansa mai filin ya taɓa kuka da haka. In ya yarda, mu share, mu faɗaɗa ƙofar, mu sa fitila mai sola, ɗaya daga cikin 'yan sintirinmu ya riƙa kwana a wurin. Mai mota ya ba da wani abu duk wata, mai adaidaita rabin haka. A ƙiyasina zai ɗauki mota goma sha biyu da adaidaitan duka in an tsara.

Injiniya: Zai ɗauka, in an bar hanya a tsakiya don kada na ciki ya jira na waje da asuba. Zan zana yadda za a jera. Amma a rubuta yarjejeniya da mai filin, mai unguwa ya sa hannu, a faɗa ƙarara aro ne, duk ranar da ya tashi gini za mu fita. Rikicin fili a Kano ba abin wasa ba ne. Kuma kada a gina komai na bulo a ciki, wannan sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano.

Mai Adaidaita: In mashin ya ɓata a can wa zai biya? Ina tambaya ne don in san abin da zan gaya wa mai shi.

Sakataren Layi: Tambaya mai kyau, ba ni da amsarta ni kaɗai. A kawo ta taro. Abin da na sani, maigadi ɗaya da ƙofa ɗaya ya fi tsaro a kan layin da kowa ke barci.

Mai Adaidaita: Zan zo taron, amma sai na ji wannan kafin in kwance sarƙata.

Malam Mai Shago: Ni abin da zan ƙara mai sauƙi ne, ba ya buƙatar kuɗi ko taro. Duk wanda zai bar mota a waje, ko na minti goma ne, ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya ajiye a gaban gilashi. Da akwai lamba a baƙar motar nan, da kira ɗaya ya wadatar. Baƙon da ya zo kuma, mai masaukinsa ne zai gaya masa.

Baban Sadik: Jama'a, tun safe nake karantawa, hannuna ya kasa rubutu. Baƙar motar ta surukina ce. Daga Katsina ya taso, ya iso bayan sha ɗaya na dare, ya ga layin a cike, ya bar ta a nan. Ni na ce masa ba komai, da asuba za mu matsar. Ɗakin da muke can ciki ne, ga janareta a kunne, wallahi ban ji hon ba. Sai da safe matata ta ji labari a wurin mai koko. Baban Khalifa, laifina ne, ba na baƙo ba. Da wani abu ya sami Hajiya ban san inda zan sa kaina ba. Ina neman izini in zo bayan magariba in duba ta, in roƙe ta gafara da bakina.

Baban Khalifa: Na yi fushi daren nan, ba zan ɓoye maka ba, har na yi niyyar fasa gilashin in saki birki in tura ta. Allah ya sa ban yi ba. Ka zo, ƙofa a buɗe take. Hajiya ma ta ce kada a ɗaga maganar, ni ne na ƙi, saboda gobe wata ce za ta tashi da naƙuda.

Hajiya Babba: Madalla da ku duka biyun. Amma kada a yi sulhu a manta da motar ƙofar gidana. Har yanzu mai ita bai ce uffan ba, kuma na san yana cikin zauren nan.

Sakataren Layi: Hajiya, na san mai ita, zan same shi da kaina yau, ba sai an kira suna a nan ba. Na yi waya da mai unguwa, ya ce zai zo ranar Juma'a bayan isha'i, a ƙofar masallaci. Abin da za a tattauna: hana ajiye komai, mota ko yashi ko bulo, daga taransifoma zuwa bakin layi, wane hannu za a riƙa ajiyewa kafin a samu fili, kangon bayan masallaci da tambayar mai adaidaita, motocin da suka kwanta, sai rumfar biki. Mata su turo ra'ayinsu ta hannun Maman Hanifa, ko su zo, za a shimfiɗa tabarma ta gefen gidan Liman.

Alhaji na Gidan Kwana: A ƙara dakali da gangaren siminti a jerin. In za a hana ɗan haya ajiye mota, mu masu gida mu ma a auna abin da muka ci. Nawa dakalin ne na hannun dama da Injiniya ya cire a lissafinsa. In taro ya ce a fasa, zan kira birkila da kuɗina. Amma maganar jera motoci a bangona, zan maimaita ta a gaban mai unguwa.

Injiniya: Na ƙara, Alhaji. Zan zo da tef ɗin, a auna a gaban kowa.

Mai Gini: Gobe tifa za ta sake kawo yashi da ƙarfe tara. Na yi da leburori huɗu su tsaya da baro tun kafin ta iso. Mai fita da mota tsakanin tara da sha ɗaya ya kira ni in sa a buɗe masa.